Tambayoyi da amsoshi kan yadda ake hana yuzan databes ɗin Oracle fita netwok sai da izini

Jama'a salamu alaikum. Tambayoyin nan dai su ne ake ta maimaita min, musamman masu kula da databes ɗin Oracle da kuma masu rubuta PL/SQL, yaren rubuta kod na Oracle, waɗanda saƙon kuskure mai lamba ORA-24247 ya tsaya musu a wuya, shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya. Wasu amsoshin gajeru ne wasu kuma dole na ja su da tsawo, ku yi haƙuri, abin ne yake da rassa.

Malam wai me ake nufi da databes ya fita waje? Ba shi ake zuwa wa ba?

Eh shi ake zuwa wa, amma shi ma yana iya fita. A cikin Oracle akwai wasu fakej, wato tarin kod da aka riga aka rubuta, da suka zo da shi, UTL_HTTP yana buɗe shafin intanet ko ya kira API, UTL_SMTP da UTL_MAIL suna tura imel, UTL_TCP yana buɗe layi kai tsaye zuwa kowace na'ura a kowane fot (ƙofar sadarwa mai lamba a jikin na'ura), UTL_INADDR yana tambayar DNS, tsarin da ke mayar da suna adireshin IP, adireshin wata na'ura, sai DBMS_LDAP da kuma HttpUriType waɗanda su ma suke iya fita. To kaga duk wanda ya samu damar rubuta SQL a ciki, ya samu ƙafar fita, kuma fitar da sunan sabar databes ɗin take, ba da sunan kwamfutarsa ba. Mutane suna kashe kuɗi da lokaci wajen gadin ƙofar shigowa, kalmar sirri mai tsawo, fayawol, VPN, amma ƙofar fita a bar ta a hangame, kuma ta can kayan suke bi idan za a sace su.

Yaushe Oracle ta fara sa wannan shingen?

Daga 11g ta farko, wadda ta fito a 2007. Kafin nan a 10g da 9i maganar ɗaya ce, in kana da EXECUTE, wato iznin gudanarwa, a kan fakej ɗin shikenan ka je duk inda kake so, kuma abin takaicin an ba PUBLIC wannan EXECUTE ɗin tun daga girkawa a kan UTL_HTTP da UTL_TCP da UTL_SMTP da UTL_INADDR, wato kowane yuza komai ƙanƙantarsa. A ƙarshen 2005 har wani ya saki samfurin wata tsutsar kwamfuta da ake ce wa Voyager, an rubuta ta da PL/SQL, tana amfani da UTL_TCP tana laluben wasu databes ɗin a fot 1521 sannan ta gwada shiga da kalmomin sirrin da suka zo daga kamfani waɗanda ba a canza ba. Daga 11g sai aka ƙara mataki na biyu, EXECUTE kaɗai bai isa ba, sai an rubuta sunanka a wani jeri da ake kira ACL an ce wane zai iya zuwa na'ura kaza a fot kaza. Fakej ɗin da ake wannan aikin da shi sunansa DBMS_NETWORK_ACL_ADMIN.

Oga mun ɗaga databes ɗinmu zuwa sabuwar siga, imel ya daina fita, sai ORA-24247. Me ya lalace?

Babu abin da ya lalace. Saƙon yana ce maka ACL ya hana ka fita ne, kuma haka aka tsara shi, duk wanda ba a rubuta ba an hana shi. Sau da yawa za ka gan shi a ƙarƙashin ORA-29273 in UTL_HTTP ne, sai ka karanta layukan duka kar ka tsaya a na farko. Abin da ya rage maka shi ne ka san abu uku, wane yuza ne yake fitar, ina yake zuwa, kuma ta wane fot.

To ya ake ba da izinin?

In kana kan 12c zuwa sama, har da 19c da yawancinmu muke kai yanzu, kira ɗaya ne. Misali yuza mai suna ALBASHI yana son tura imel ta sabar imel ta ofis:

```
BEGIN
  DBMS_NETWORK_ACL_ADMIN.APPEND_HOST_ACE(
    host       => 'mail.example.com',
    lower_port => 25,
    upper_port => 25,
    ace        => xs$ace_type(
                    privilege_list => xs$name_list('smtp'),
                    principal_name => 'ALBASHI',
                    principal_type => xs_acl.ptype_db));
END;
/
```

Ka lura na ba shi smtp ne kawai, na'ura ɗaya, fot ɗaya. Iznin da ake da su a 12c guda shida ne, http na UTL_HTTP da HttpUriType, http_proxy na mai bi ta furoksi (sabar tsakiya da ake bi ta kanta a fita intanet), smtp na imel, resolve na UTL_INADDR, jdwp na masu bin diddigin kod, sai connect wanda shi ne babbansu dan yana buɗe hanya ga UTL_TCP da UTL_HTTP da na imel da DBMS_LDAP duka. Shi ya sa ban so a riƙa ba da connect in http ko smtp za su wadatar, wanda ka ba connect zai iya magana da wancan fot ɗin da kowane irin yare ya ga dama.

In kuma har yanzu 11g kake, hanyar ta fi tsawo, CREATE_ACL ka ƙirƙiri jerin da suna mai ƙarewa da .xml, ADD_PRIVILEGE ka ƙara mutane, ASSIGN_ACL ka liƙa shi a jikin na'urar, sannan COMMIT, dan Allah kar ka manta da COMMIT, mutane da yawa sun ɓata yini a kansa. A 11g izni biyu ne kawai, connect da resolve, kuma a cikin XML DB ake ajiye su saboda haka in ba a girka XML DB ɗin ba abin ba zai yi ba sam. Daga 12c ta 2013 aka mayar da su ƙarƙashin Real Application Security, tsofaffin kiran suna nan suna aiki amma Oracle ta ce an daina yayinsu, sabon aiki ka yi shi da APPEND_HOST_ACE.

Na ga wani kod da aka sa host => '*' aka ba PUBLIC, ya yi min aiki nan take. Akwai matsala ne?

Akwai, babba ma, kuma wannan tambayar ita ce ta sa na zauna rubutun nan gaba ɗaya. Tauraron nan yana nufin ko'ina, duk intanet da duk netwok ɗinku na ciki, PUBLIC kuma yana nufin kowa. Wato ka mayar da databes ɗinka zamanin 10g da hannunka.

Bari in faɗa maka yadda ɓarnar take faruwa dan ka gane ba tsoratarwa nake ba. A ce akwai wani ƙaramin shafi na manhajarku, na duba matsayin oda ko na ɗalibai su duba sakamako, kuma wanda ya rubuta shi ya bar kafar da za a iya cusa SQL ta cikin akwatin bincike. Maharin ya shigo amma shafin ba ya nuna masa amsar abin da ya tambaya, to ba sai ya haƙura ba, zai rubuta SELECT ɗin da zai ɗauko lambar asusu ko BVN ko lambar wayar mutane, ya manna ta a gaban sunan wani domen nasa, ya miƙa wa UTL_INADDR ya ce nemo min adireshin wannan sunan. Databes ya tambayi DNS, DNS ɗinku ya tura tambayar waje, ta isa sabarsa, shi kuma ya karanta bayanan daga cikin sunan da aka tambaya. Ko fayawol ya toshe fot 80 da 443 galibi ana barin DNS ya wuce saboda komai na buƙatarsa. In UTL_HTTP ne a buɗe ma ya fi masa sauƙi, zai kwashe tebur guda a 'yan mintuna.

Na biyu kuma, sabar databes tana zaune ne a can ƙuryar netwok, inda take ganin na'urorin da mutumin waje ba ya gani, wasu databes ɗin, sabar ajiyar bakof, shafukan admin na na'urori da aka ce ai na ciki ne ba sai an sa musu kalmar sirri mai ƙarfi ba. Da UTL_TCP da tauraro mutum zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. In kuma a gajimare kuke, wato cloud, akwai adireshin nan 169.254.169.254 wanda na'urar take tambayar bayanan kanta, a wasu saitin har makullan shiga na wucin gadi yake bayarwa, to tauraro ya haɗa har da shi.

Mu a Najeriya ma yanzu ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, in bayanan kwastomomi suka fita ba maganar kunya kaɗai ba ce, akwai hukuma da za ta yi tambaya, kuma bankuna da dama manhajar da suke gudanar da asusu da ita a kan Oracle take zaune. Wlh minti goma da za ka ɓata ka nemo ainihin sunan na'urar da fot ɗinta ya fi maka.

Amma ni developa ne ba DBA mai kula da databes ba, test kawai nake

Na ji, amma abin da aka yi a test shi ake kwafa a kai furodokshon ranar da ake sauri. Ka rubuta shi daidai tun yanzu.

Na ba da iznin amma har yanzu ORA-24247 take fitowa

Toh a nan ne ake shan wahala, bari mu bi su a hankali. Da farko duba sunan na'urar, ka ba da izni a kan suna amma kod ɗin yana kiran IP, ko ka ba da a kan gajeren suna kod yana kiran cikakken suna mai domen, ka tabbatar abin da ka rubuta a ACL shi ne harafi da harafi abin da kod yake kira, haka localhost da 127.0.0.1 kar ka ɗauka ɗaya ne a wajensa. Sai fot, ka buɗe 80 amma adireshin https ne wato 443, ko imel kana tsammanin 25 ashe 587 ne. Sai kuma turawa, UTL_HTTP yana bin shafi in an tura shi wani wuri har sau 3 in ba ka canza ba, to in sun tura ka wani domen daban shi ma sai yana da nasa iznin.

Wanda ya fi kama mutane shi ne maganar wane yuza ake dubawa. In procedure ɗin irin wadda take gudana da ikon mai ita ce, kuma haka suke in ba a rubuta AUTHID CURRENT_USER ba, to mai schema ɗin da procedure take ciki, wato yuzan da ya mallake ta, ake dubawa ba wanda ya kira ta ba. Kuma a cikin irin wannan procedure ɗin rol, wato kunshin izni da ake liƙa wa yuza, ba ya aiki, saboda haka in ta rol ka ba da iznin za ka ga ya yi a SQL*Plus cikin BEGIN da END amma da ka kira procedure sai ya ƙi. Ka ba mai schema ɗin kai tsaye da sunansa.

Sannan kar ka gwada da SYS, babban yuza mai iko da komai, ka ce ai ya yi. SYS ba a tare shi, gwajinsa ba ya nuna maka komai. Ka shiga da ainihin yuzan. In kuma databes ɗin mai PDB ne, wato ƙananan databes da ke zaune a cikin babba ɗaya, ka duba ko a cikin PDB ɗin da ya dace ka yi aikin, dan kowanne da nasa ACL, wanda ka yi a CDB$ROOT, wato babban da ke riƙe da su, ba ya sauko wa na ƙasa.

A 11g akwai ƙarin ɗaya, sunan yuza sai da manyan haruffa yadda yake a databes, in ka rubuta da ƙanana za ka ga ORA-44416.

Dole ne in haɗa da resolve kowane lokaci?

A'a. Resolve na UTL_INADDR ne, UTL_HTTP da UTL_SMTP suna nemo adireshin da kansu ba sai da shi ba. Kuma ba a sa masa fot, in ka haɗa shi da lower_port da upper_port za ka samu ORA-24244, sai dai ka yi masa kiransa daban babu fot. In tsohuwar manhaja tana kiran UTL_INADDR.GET_HOST_NAME dan ta san sunan sabar da take kai, resolve a kan localhost kawai take buƙata, kar ka ba ta tauraro saboda wannan.

In akwai ACL biyu da suka shafi na'ura ɗaya wanne ake bi?

Wanda ya fi kusa da ainihin sunan shi ne gaba. Cikakken suna kamar api.kudi.example.com ya fi *.kudi.example.com, shi kuma ya fi *.example.com, sai *.com, tauraro shi kaɗai ne na ƙarshe. Haka a IP, cikakken adireshi ya fi 192.0.2.* kuma wannan ya fi 192.0.*, sannan wanda aka ƙayyade masa fot yana gaban wanda ba a ƙayyade ba. A cikin jeri ɗaya kuma tsarin layi yana da tasiri, in kana son ka hana wani mutum ɗaya alhali rol ɗinsa yana da izni, ana yi da granted => false amma sai hanin ya zo kafin bayarwar. Ni dai shawarata ka guji gina tsari a kan hani, ka ba waɗanda suka dace kawai, ya fi sauƙin karantawa ga wanda zai gaje ka.

Ta ina zan ga wa da wa aka ba?

DBA_HOST_ACES ita ce wadda za ka fi so, tana nuna na'ura, fot, yuza, izni da ko bayarwa ce ko hani. DBA_HOST_ACLS tana nuna jerin da na'urorin da aka liƙa musu. Yuza da kansa zai iya duba USER_HOST_ACES ya ga nasa. A 11g kuma DBA_NETWORK_ACLS da DBA_NETWORK_ACL_PRIVILEGES. In yau ka karɓi aikin kula da wani databes, wannan na cikin abin da za ka fara bugawa:

```
SELECT host, lower_port, upper_port, principal, privilege, grant_type
FROM   dba_host_aces
ORDER  BY host, ace_order;
```

Duk inda ka ga tauraro ko PUBLIC ka tsaya ka yi tambaya. Amma kar ka goge nan take, ka fara gano wa yake amfani da shi, ka ba su nasu ƙananan iznin, sannan ka cire babban da REMOVE_HOST_ACE, in ba haka ba za ka tsayar da alat ɗin mutane ranar biyan albashi kuma daga ranar ba wanda zai ƙara yarda ka taɓa ACL.

An wuce ORA-24247 yanzu kuma ORA-29024 ce

Madalla, ka ci gaba kenan, ACL ya bar ka ka fita, yanzu maganar satifiket ce. Databes bai san wanda ya sa hannu a satifiket ɗin wancan shafin ba. Sai ka haɗa walet, wato fayil ɗin da Oracle ke ajiye satifiket, da umarnin orapki, ka zuba satifiket ɗin tushe na hukumar da ta ba su, da na tsakiya in ana buƙata, ka nuna wa kod hanyarsa da UTL_HTTP.SET_WALLET. Kar ka zuba satifiket ɗin shafin kansa a ciki, daga 12c yin hakan shi kansa yana jawo wannan ORA-29024 ɗin, ga shi kuma yana ƙarewa da wuri sai ka yi ta canzawa. In ka ga ORA-28759 to fayil ɗin ne bai buɗu ba, ko hanyar ba daidai ba ko yuzan oracle na kan sabar ba shi da ikon karanta shi. Walet ma yana da nasa ACL, APPEND_WALLET_ACE, da izni biyu use_client_certificates da use_passwords, ana buƙatarsu in a walet ɗin kuka ajiye satifiket ɗinku na shaida ko kalmar sirrin API. A 23ai an sauƙaƙa, ana iya amfani da ma'ajiyar satifiket ta na'urar kanta.

Mu ta furoksi muke fita intanet a ofis

Izni biyu kenan, http_proxy a kan furoksin da fot ɗinsa, sannan http a kan inda za a je. Kuma gaskiya wannan tsarin ina son sa, dan furoksi yana ajiye tarihin duk inda aka je.

APEX fa? Na ba schema ɗina amma APEX_MAIL bai tura ba

Saboda ba schema ɗinka ne yake fitar ba, injin APEX ne, wato tsarin Oracle na gina manhajojin intanet a cikin databes, kuma shi yana da nasa schema mai ɗauke da lambar sigar, misali APEX_230200 na 23.2 ko APEX_240100 na 24.1. Shi za ka ba. Kuma ka riƙe wannan, duk ranar da aka ɗaga APEX sunan yana canzawa, to ka sa duba ACL a cikin jerin ayyukan bayan ɗagawa, sabon ya samu, tsohon a cire masa. Abin lura kuma, duk manhajojin da ke cikin APEX ɗin nan ta wannan schema ɗaya suke fita, abin da ka buɗe masa ka buɗe wa dukansu ne, saboda haka nan ma ba wajen tauraro ba ne.

Debug a SQL Developer yana ba ni ORA-24247, me ya haɗa shi da netwok?

Ai databes ɗin ne yake juyowa ya kira kwamfutarka, shi ya sa. Daga 12c sai an ba ka jdwp a kan IP ɗin kwamfutarka, fot ɗin da SQL Developer yake amfani da su daga 4000 ne zuwa 4999 in ba a canza ba. A furodokshon ban ga dalilin ba da shi ba. In dole ta kama, xs$ace_type yana karɓar start_date da end_date, ka sa masa ranar ƙarewa ya mutu da kansa.

In na gyara ACL shikenan na rufe duk hanyoyin fita?

A'a ɗan'uwa, kuma ina so a ji wannan da kyau. ACL fakej ɗin da na lissafa kawai yake tsarewa. Database link, layin da ke haɗa databes da wani databes, ba ya bi ta kansa, wanda yake da CREATE DATABASE LINK zai iya nufar duk na'urar da ya so. Java na cikin databes shi ma nasa tsarin daban ne, ta DBMS_JAVA ake ba shi SocketPermission. Wanda yake da CREATE EXTERNAL JOB zai iya sa DBMS_SCHEDULER ya gudanar da umarni a kan sabar kanta, daga nan kuwa ba ruwansa da ACL. Saboda haka sai an haɗa da fayawol mai tace abin da yake fita daga sabar databes, a ce ga na'urori biyar ɗin da aka yarda ta kira sauran duka a toshe, kuma DNS ɗinta ya zama na ciki. Fayawol bai san wane yuza ne ba, yana ganin sabar ce kawai, ACL kuma ya san yuza amma bai ga sauran hanyoyin ba, kowanne yana rufe inda ɗayan ya bari.

Masu PDB da yawa, musamman in na mutane daban-daban ne, daga 12.2 akwai lockdown profile, za ka iya kashe NETWORK_ACCESS gaba ɗaya ga PDB ɗin da ba shi da dalilin fita, ko admin ɗin cikinsa ba zai iya buɗewa ba. Sannan ka duba wa yake da EXECUTE a kan DBMS_NETWORK_ACL_ADMIN kansa, dan wanda yake da shi zai rubuta wa kansa izni.

In cire EXECUTE daga PUBLIC?

Ina goyon baya, amma da shiri. Ka fara duba DBA_DEPENDENCIES ka ga waɗanne schema ne suke dogara da fakej ɗin, ka ba su kai tsaye, sannan ka cire, ka sake kompayil ɗin abin da ya zama INVALID. A gwada a test tukuna.

Mun kwafi furodokshon zuwa test, akwai abin dubawa?

Akwai, kuma wannan na gani da idona. A wani wuri da na yi aiki an kwafi databes da RMAN, manhajar bakof ta Oracle, dan a yi gwaji, ACL ya biyo, ayyukan DBMS_SCHEDULER suka biyo, fayawol kuma bai raba sabar test da ta gaske ba, cikin dare na test ya tashi ya tura wa kwastomomi na gaske saƙon tunin biyan bashi, har da waɗanda suka riga suka biya bayan ranar da aka yi kwafin. Washegari waya ba ta huta ba, kuma mutanen da aka tayar wa hankali ba su yi laifin komai ba. Tun daga ranar duk kwafin da zan yi, kafin in bar ayyuka su tashi sai na sa job_queue_processes a 0, na cire ACL ɗin da ke nuna sabar imel da ta SMS ta gaske, na mayar da su kan na gwaji.

Akasin haka kuma yana faruwa, in da Data Pump, manhajar Oracle ta kwashe bayanai daga databes zuwa wani, ka ɗauki schema ɗaya kawai ACL ba ya biyo shi dan ba a cikin schema yake zaune ba, sai ka isa can ka ga ORA-24247. Shi ya sa nake ajiye duk kiran APPEND_HOST_ACE a fayil ɗaya tare da kod ɗin manhajar, kowanne da layin bayani a kansa, wa ya nema, dan me, yaushe.

Mu ba Oracle muke ba, PostgreSQL ne da MySQL da SQL Server

Su ba su da irin wannan jerin na wane yuza zai je wace na'ura. Kuma kar a ruɗe, pg_hba.conf na PostgreSQL da 'yuza'@'host' na MySQL duk maganar shigowa suke, daga ina aka yarda ka shigo, kamar tcp.validnode_checking na sqlnet.ora a Oracle, ba su taɓa maganar fita ba. A PostgreSQL abin da za ka sa wa ido shi ne dblink da postgres_fdw, da COPY mai PROGRAM wanda sai superuser ko mai rol ɗin pg_execute_server_program, da yaruka irin plpython3u. A SQL Server xp_cmdshell a kashe yake zuwa tun sigar 2005, a bar shi a kashe, haka Ole Automation Procedures, a duba linked server, sannan xp_dirtree in aka ba shi hanyar wata na'ura ta waje zai je ya gaisa da ita ta fot 445 har ya bar mata hash ɗin asusun da sabis ɗin yake gudana da shi, to 445 mai fita waje a toshe shi. A MySQL iznin FILE da secure_file_priv da injin FEDERATED wanda shi ma a kashe yake zuwa. A dukansu fayawol ɗin fita ne babban abin dogaronka.

Imel ta Gmail ko Microsoft 365 kai tsaye daga databes, zai yiwu?

Zai yiwu da UTL_SMTP, yana da STARTTLS tun 11.2.0.2, sai ka buɗe smtp a fot 587 ka haɗa walet. UTL_MAIL kuwa ba ya iya shiga da suna da kalmar sirri, kuma ba ya zuwa a girke, sai an gudanar da utlmail.sql da prvtmail.plb an saita SMTP_OUT_SERVER. Amma ni ban cika son databes ya riƙa magana da intanet da kansa ba. Na fi son a kafa ƙaramar sabar tura imel a cikin gida, Postfix ma ya isa, databes ya miƙa mata a fot 25, ita ta san yadda za ta yi da Gmail da kalmar sirri da satifiket. ACL ɗinka ya zama layi ɗaya mai nuna na'ura ɗaya ta ciki, in masu imel suka canza tsarin shigarsu gobe a Postfix za a gyara ba a PL/SQL ba. Kuma ka tuna in wancan ɓangaren ya yi shiru, session ɗin databes yana nan tsaye yana jira riƙe da duk lock ɗin da ya kama, UTL_HTTP daƙiƙa 60 yake jira in ba ka rage da SET_TRANSFER_TIMEOUT ba, saboda haka kar a sa kiran waje a cikin trigger, a zuba saƙon a tebur wani job ya riƙa kwasa yana turawa.